Allon Gwajin Bindiga Na Maharban Talotalon Daji A Amurka

Ku dubi takardar da aka gwada bindigar farauta a kanta da kyau. Duk hujojin da za ku gani a jikinta, harbi ɗaya ne ya yi su. Bindigar farautar tsuntsu ba harsashi guda take fitarwa ba. A cikin kowane kwanso akwai ɗaruruwan ƙwayoyin dalma, da zarar sun bar bakin bindiga sai su bazu kamar an watsa wa kaji gero. Ina suke faɗawa, kuma nawa ne ke taruwa wuri ɗaya? Ido ba zai gaya muku ba, sai an harbi takarda. Ita kuwa takarda tana bukatar abin da zai riƙe ta a tsaye.

A Amurka muke, inda talotalo yake zaune a daji abinsa, ba a turke ko a tsakar gida ba. A farkon ƙarni na 20 saura ƙiris ya ƙare saboda yawan harbi da sare dazuka. Dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta sa harajin bindigogi da harsasai ya koma kula da namun daji, aka yi ta kamo tsuntsayen ana sakinsu a wuraren da suka ɓace, har yau ana samunsu a jihohi 49, ban da Alaska. Babbar kakar farautarsu tana faɗowa tsakanin Maris da Mayu, da lasisi, kuma mai gemu ake harbi, wanda galibi shi ne namiji.

Wannan namijin yakan kai kilo 10, gashinsa mai kauri, fukafukansa kamar garkuwa. Idan aka harbe shi a jiki, sau da yawa sai ya gudu da rauni ya je ya mutu a inda ba mai ganinsa. Shi ya sa kai da wuya kawai ake saitawa. Wurin kuwa ƙanƙane ne. Maharbin da bai san yadda bindigarsa ke watsa ƙwaya ba, wahalar da dabba kawai zai yi, kuma ni a ganina wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa mutum ya ba da yini guda ga gwaji.

To, ga kayan aiki. Fayif ɗin roba irin na masu aikin famfo, mai faɗin inci ɗaya da rabi. Mahaɗai huɗu masu siffar harafin T. Siraran katako biyu masu tsawon ƙafa biyar, babban kwali, zarto, da tef ɗin awo.

Za a fara da gindi. A yanka fayif huɗu, kowanne inci 18, su ne ƙafafu. Biyu-biyu za su shiga mahaɗi ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Sai a haɗa ɓangarorin biyu da fayif a tsakiya, tsawonsa kamar ƙafa uku, ya ba da siffar harafin H a kwance. Sauran mahaɗan biyu a kan wannan na tsakiyar za su zauna, kusa da kowane gefe, bakinsu yana kallon sama. Nan katako zai shiga. Idan ya yi tsauri, a ɗan fere masa kusurwa. Kada a sa gam. A bar shi yadda za a iya warware shi a jefa a bayan mota.

Wani zai ce me ya hana a yi duka da fayif? Ƙwaya ce ta hana. Ko ba jima ko ba daɗe wasu za su kauce su sami sandar da ke tsaye. Katako zai shanye su ya ci gaba da aiki, idan ya gaji a canza shi da kuɗi kaɗan. Fayif ɗin roba kuwa tarwatsewa yake yi, musamman da sanyin safiya. Ƙarfe ya fi muni, domin ƙwaya tana iya dukansa ta dawo. Don haka roba a ƙasa, katako a sama. Wanda ba shi da fayif, guntayen tubaifo da ƙusa ma sun wadatar wajen yin gindin. Sai a aza buhun yashi a kan ƙafafun, don kwali mai faɗi iska tana tura shi kamar zanen shanya.

Yanzu mu tsaya kan girman allon, domin nan ne mutane da yawa suke kuskure. A shagunan kayan farauta ana sayar da ƙaramar takarda mai hoton kan talotalo. Mutum ya manna ta ita kaɗai, ya harba, ya ga huji goma sha, ya ce harsashin ba shi da kyau. Alhali tsakiyar ƙwayoyin ta wuce ta sama ko ta hagu, gefenta kawai ya taɓa hoton. Ƙaramar takarda ba za ta nuna masa hakan ba. Ya canza harsashi, ya canza matsin bakin bindiga, wato abin da ake ɗaurawa don rage bazuwar ƙwaya, kuɗi suna ta tafiya, matsalar kuwa saiti ce. Allon ya kai aƙalla ƙafa uku a faɗi da ƙafa uku a tsawo. A shimfiɗa farar takarda a kan kwalin, a kama ta da maƙalai, a yi ɗigo ɗaya a tsakiya. Kowane harbi da sabuwar takardarsa.

Bayan allon dole a sami tudun ƙasa da zai tare ƙwayoyin, ba dutse ba, ba ruwa ba, kuma babu gida ko hanya a can baya. Abin toshe kunne da tabarau kada a manta.

Harbin farko daga kusa ake yi, kamar yadi 15, da harsashi mai araha, don a ga ko inda ido ya saita nan ƙwaya ke zuwa. A wannan nisa ƙwayoyin dunƙulewa suke yi, ba su fi girman lemo ba. Wannan ne ya sa ake kuskure tsuntsun da ya matso sosai. Idan saiti ya daidaita, sai a ja allon zuwa yadi 40, wato kusan mita 37. A auna da tef, kada a dogara da taku. A harba a zaune, baya jingine, bindiga a kan gwiwa, yadda za a yi a gindin bishiya ranar farauta.

Bayan harbi ne ake zana da'ira, ba kafinsa ba. A nemo inda hujojin suka fi cunkushewa, a kewaye shi da da'ira mai faɗin inci 10, a ƙirga, ana yi wa kowane huji alama. Ma'aunin da maharba da yawa suke bi shi ne huji 100 a cikin da'irar, kuma babu wani fili da kan tsuntsu zai shige ba a taɓa shi ba. Harbi ɗaya ba ya yanke hukunci, a yi uku da kowane irin harsashi.

A nan ne bambancin harsasai yake fitowa fili. Dalma mai lamba 5 (lambar girman ƙwaya ce) tana da ƙwaya kusan 170 a oza ɗaya. Sabon samfurin da ake kira TSS, wanda ake yi da ƙarfen tungistin, ya fi dalma nauyi nesa ba kusa ba: giram 18 a inda dalma mai girma ɗaya da shi take da 11 da ɗoriya. Saboda haka ƙwayarsa ƙarama mai lamba 9 tana shiga da ƙarfi, ga ta kusan 360 a oza. Sai dai tsada gare shi, kowane kwanso da ya tafi a banza ana jin sa a aljihu.

A kusurwar kowace takarda a rubuta nisa, irin harsashi, matsin bakin da aka ɗaura, da adadin hujoji. Bindigar da muka gwada ta ba da 118 a yadi 35, a yadi 40 kuma ta sauko 84. Iyakar wannan bindiga da wannan harsashi ke nan, yadi 35. Ranar farauta, kafin gari ya waye, maharbin zai auna wannan nisa daga mazauninsa, ya kafa ɗan kara a wurin, ya koma ya zauna ya fara kiran talotalo.