Jawabin Maraba ga Babban Baƙonmu Daga Hukumar Sadarwa ta Ƙasa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma babban baƙonmu daga Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, iyayenmu sarakuna, wakilan kamfanonin waya, 'yan'uwana injiniyoyi, barkanku da zuwa. Ranka ya daɗe, Kano ta Dabo na yi maka lale marhabin. Mun gode da ka baro Abuja ka zo ka ji ta bakin masu hawa turakun sadarwa.

Dattawan wannan zaure suna tuna 2001, shekarar da MTN da Econet kowanne ya biya dala miliyan 285 kuɗin lasisin GSM. A Disambar 2021 kuma MTN da kamfanin Mafab kowanne ya ci gwanjon zangon 3.5GHz na 5G a kan dala miliyan 273.6, wato kason igiyoyin rediyo da saƙon waya ke bi ta iska. Zangon da aka saya da irin wannan kuɗi ba a yi masa riƙon sakainar kashi.

Aikinmu, ranka ya daɗe, lissafi ne na lokacin cunkoso. Turken da ke kallon Kantin Kwari ko Sabon Gari kan cika maƙil da rana, 'yan POS da masu tura hotunan kaya a WhatsApp duk suna kansa. Da magariba kasuwa ta watse, nauyin ya koma Hotoro da Rijiyar Zaki. In muka sayi na'urori daidai da cunkoson ranar Sallah, kuɗi zai kwanta a banza sauran shekara. In muka tsuke hannu, kira ya riƙa yankewa. Shi ya sa muke bin alƙaluman kowane turke kafin mu ce a ƙara eriya. Sau da yawa ma ba eriyar ce ke da laifi ba, layin da ke kwashe data daga turke ne ya yi kaɗan, kuma maganinsa wayar fiba, wadda ke ɗaukar data mai yawa ta hanyar haske.

Ƙauye kuwa lissafinsa daban. Zango na ƙasa-ƙasa irin 700 da 800MHz yana cin nisa, turke ɗaya sai ya wadatar da garuruwa da rugage, alhali 3.5GHz ba ya zuwa nesa. Ga man dizal da janareto ke sha dare da rana, wanda tsadarsa na cikin dalilan da suka sa hukumarku ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Talaka ya ji ƙarin a jikinsa, don haka yana da haƙƙin ya ga sabis ya gyaru.

Mun yi murna da yarjejeniyar da MTN da Airtel suka ƙulla a Maris 2025 ta amfani da kayan aikin juna. A ganinmu ma an makara.

Roƙonmu biyu ne. A taya mu bin jihohi su tsaya a kan naira 145 na kowace mita a matsayin kuɗin izinin binne fiba, kamar yadda gwamnoni suka amince a 2020. Sannan umarnin shugaban ƙasa na 2024 da ya sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa ya fara aiki a kan masu gina titi da ke tsinka mana wayoyi da ɓarayin batura.

Ranka ya daɗe, injiniyoyinmu sun shirya taswirar wuraren da sabis ke rauni, za su nuna maka bayan jawabinka. Bismillah, ga lasifika.