Hanyar Big Sur: Titi Ɗaya, Masu Iko da Yawa

(Hoto: siririn titi manne a jikin tsauni, teku na bugun duwatsu a ƙasa)

Assalamu alaikum, masu kallo. Wannan titi da kuke gani sashe ne na Hanya Mai Lamba 1 ta jihar Kalifoniya a Amurka, a yankin da ake kira Big Sur. Tsawonsa kimanin kilomita 120 ne, daga kogin Carmel a arewa zuwa rafin San Carpoforo a kudu. Ta gabas duwatsun Santa Lucia, ta yamma Tekun Fasifik. An buɗe shi a 1937. Mazauna yankin ba su wuce 2,000 ba ko kusa da haka, amma baƙin da ke bi ta nan kowace shekara miliyoyi ne.

Kwaltar da bakin titin na hukumar hanyoyin jiha ne, wato Caltrans. Ka ɗan hau sama kaɗan, ka shiga dajin Los Padres na gwamnatin tarayya, ko gandun shaƙatawa na jiha, ko makiyayar wani mutum. Ka gangara inda ruwa ke kaiwa, ka faɗa keɓantaccen yankin teku na Monterey Bay, wanda wata hukumar tarayya ke tsaro tun 1992. Izinin gini yana hannun ƙaramar hukumar Monterey, a samanta kuma akwai Hukumar Kula da Gaɓar Teku ta jiha. In mota ta kife ko wuta ta tashi, waɗanda suka fara isowa galibi 'yan sa-kai ne na ƙungiyar kashe gobara da mazauna suka kafa a 1974. Baƙo yana ganin wuri ɗaya ne, amma babu ofishi ɗaya da ke da iko da duk abin da idonsa ya sauka a kai.

A 1965 jiha ta ayyana wannan titi a matsayin hanyar kallo ta farko a Kalifoniya, wato hanyar da hukuma ta keɓe saboda kyan wuraren da take ratsawa. A 1991 majalisar Amurka ta kafa shirin hanyoyin kallo na ƙasa, a 1996 kuma Big Sur ta samu matsayi mafi girma a cikinsa. Ana duba abubuwa 6: kyan gani, halittun wurin, tarihi, al'ada, kufai da kayan mutanen da, sai wuraren shaƙatawa. Amma ku lura, wannan suna ba ya ba gwamnatin tarayya ikon hana kowa gini a filinsa. Abin da yake tilastawa shi ne a rubuta kundin tafiyar da hanya mai ɗauke da abubuwa 14, daga taswira zuwa tsarin alluna da dokar tallace-tallace. A ganinmu guda ɗaya ne ƙashin bayan sauran: jadawalin da ke faɗin wane aiki, wace hukuma ko ƙungiya ce za ta yi shi, kuma zuwa yaushe. Kundin da ba shi da wannan, ado ne kawai a kan tebur.

(Hoto: sanduna kafe a fili, an ɗaura musu raga mai launin ruwan lemo)

To wa ke tsare kyan wurin? Ƙaramar hukuma. Tsarin amfani da ƙasa na Big Sur, wanda aka tabbatar a 1986, ya kafa ƙa'ida mai tsauri: duk sabon ginin da za a hango daga titi ko daga manyan wuraren tsayawa kallo, ba a yarda da shi ba, in ban da 'yan ƙauyukan kasuwanci da wasu gine-ginen kiwo. Ba a takarda ake gwada wannan ba. Mai son gini zai kafa sanduna daidai tsayin rufinsa, ya ja raga tsakaninsu, jami'i ya bi titi ta arewa da ta kudu yana dubawa. In ragar ta leƙo, sai a matsar da gidan bayan tudu, ko a rage tsayinsa, ko a haƙura. Hanyar shiga gidan da hasken fitilunsa da dare duk suna cikin lissafi. Dokar gaɓar teku ta 1976 kuma ta nuna cewa a karkara titin zai zauna layi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ba za a mayar da shi tagwayen hanya ba.

Akwai wanda filinsa duka a sarari yake, ba inda zai ɓoye gida. Nan ne ƙungiyoyi irin su Big Sur Land Trust, da aka kafa a 1978, suke shigowa: su sayi filin, ko su biya mai shi ya sa hannu cewa ba za a taɓa gini a wurin ba, ko da filin ya canja hannu.

Amma abin da ya fi haɗa hukumomin nan faɗa ba gini ba ne. Ƙasa ce. In tsauni ya zafto kan titi, ina za a zuba abin da aka kwashe?

(Hoto: ruwa na zubowa daga dutse a kan farin rairayi)

Ku dubi wannan rairayi a McWay, wani wuri a gefen wannan titi inda ruwan rafi ke zubowa daga dutse. Kafin 1983 babu shi, ruwan kai tsaye cikin teku yake faɗawa. A damunar wannan shekara wata babbar zaftarewa ta rufe titi a arewa da nan fiye da shekara guda. Katafiloli suka aske tsaunin daga sama, suka tura ƙasar zuwa teku, igiyar ruwa ta kwaso yashin ta jibge a nan. Baƙi na son hoton, amma tabon da aka bari a jikin tsaunin har yau ana ganinsa. Haka ake yi a da: a ture komai ta gefen titi, a wuce.

Da aka kafa keɓantaccen yankin teku a 1992, zuba ƙasa a ruwa ya zama sai da izini. Dalili kuwa, a tsakanin duwatsun bakin ruwa akwai wani dodon koɗin teku baƙi da ake kira abalon, wanda ke gab da ƙarewa, da dazukan ciyawar teku inda karnukan ruwa ke kiwo. Tulin ƙasa na kwana ɗaya yana iya binne su. Injiniyoyi suka ce ai ko babu titi, tsaunukan nan cikin teku suke zubewa. Masu kare teku suka ce gaskiya ne, amma ba duka a wuri guda cikin mako guda ba. Su kuma mazauna da masu masauki tambayarsu ɗaya ce: yaushe za a buɗe hanya? Kowa da gaskiyarsa. Kwashewa da tifa ma ba sauƙi ba ne, domin kowace tifa sai ta yi tafiyar kilomita da yawa a kan siririn titi, tana cin kwalta, tana tare masu wucewa.

Guguwa da ruwan 1998 suka yayyanka hanyar a wurare da dama, aka ga cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Caltrans ta tara hukumomi, zaɓaɓɓun wakilai, 'yan kasuwa da ƙungiyar masu filaye, aka yi shekaru ana zama, a 2004 aka fitar da kundin tafiyar da hanyar gaɓar Big Sur. Yana da ƙa'idoji kashi 3: na zaftarewa da ɓarnar ruwa, na tsirrai, da na kamannin titi, har da irin shingen ƙarfe da launin bangon da za a gina.

Ga yadda aikin zaftarewa ke tafiya. Da farko masana duwatsu su auna ko tsaunin yana ci gaba da motsi. Ba a fara kwasa daga gindi, domin tulin da ke ƙasa shi ke tokare na sama, in ka cire shi sauran ya biyo ka. Daga sama ake farawa. Ma'aikata su sauko da igiya suna ɓamɓare duwatsun da suka yi sako-sako, a shimfiɗa ragar waya a fuskar dutsen yadda abin da ya faɗo zai gangara ta bayanta zuwa lambatu maimakon ya yi tsalle kan mota. Ƙasar da aka kwashe a fara tara ta a faffaɗan bakin titi da aka riga aka zaɓa, daga baya a kai ta wurin zubarwa mai izini, ko a yi ciko da ita. Inda dutse ba ya daina zuba, kamar Rain Rocks, sai aka gina wa titin rumfar kankare mai tsawon kimanin mita 70, aka gama ta a 2014. A Mud Creek kuwa, inda miliyoyin tan suka zubo ranar 20 ga Mayu 2017 har suka ƙara wa gaɓa kimanin eka 15, ba a ma yi yunƙurin kwashewa ba. A kan tulin aka shimfiɗa sabon titi, aka jera manyan duwatsu a gindi don kada teku ta ci shi. An buɗe a Yuli 2018, a kan dala miliyan 54.

Bayan katafila ta tafi, saura tsirara ƙasa. In aka bar ta, wata doguwar ciyawa mai gashi da ta fito daga Kudancin Amurka takan mamaye wurin, ta kori tsirran gida. Shi ya sa ake neman irin da aka tara a yankin. Akwai kuma wani ɗan tsiro a bakin titi wanda wani shuɗin malam-buɗe-littafi, da ke cikin jerin masu ƙarewa tun 1976, ba ya rayuwa sai a kansa. Kafin a yi sassabe ko a faɗaɗa lambatu, sai masanin halittu ya bi ya yi wa tsiron alama.

(Hoto: titi ya yanke, rami a tsakiya, kututture cike da kwazazzabo)

Wannan Rat Creek ne, ƙarshen Janairu 2021. A Agusta 2020 gobarar daji ta cinye tsaunin da ke sama. Ƙasar da ta ƙone ba ta shan ruwa, kuma babu saiwar da za ta riƙe ta. Da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, laka da duwatsu da itatuwa suka gangaro suka toshe kwalbati, ruwa ya taru ya haura titi, ya zaizaye cikon ta ɗaya gefen, mita 45 na hanya suka tafi. Kwalbatin na Caltrans ne, tsaunin da ya aiko da kututturen ba nata ba ne. Babu wanda ya rasa ransa a wurin, domin an rufe titin tun kafin ruwan. Bayan kowace babbar gobara ana tura masana su tantance kwazazzaban da ke da haɗari, masu hasashen yanayi su yi gargaɗi, ofishin tsaron ƙaramar hukuma ya ba da umarnin ƙaura. A wuraren da aka san suna motsi, Caltrans ta ɗauki al'adar ba da sanarwa awa 48 kafin rufewa, ta tabbatar saura awa 24, don mutane su sayi abinci da magani. An buɗe Rat Creek a Afrilu 2021, sabon babban kwalbatin kuma faɗinsa mita 3 ne.

Idan hanya ta yanke ne ake sanin amfanin ƙungiyoyin gari. A Fabrairu 2017 ƙasa ta ture ginshiƙin gadar Pfeiffer Canyon, gadar ta tsage, aka rushe ta. Garin ya rabu biyu: makaranta a wani ɓangare, yara da yawa a ɗaya. An fara kai abinci da jirgi mai saukar ungulu. Sai hukumar gandun jiha ta ba da ƙasarta, ma'aikata da mazauna suka ɗauki diga da shebur suka sare turbar ƙafa ta cikin daji, da matakala a wuraren hawa. Watanni mutane na goya gas da kayan miya a baya. Sabuwar gadar ƙarfe ce mai tsawon kusan mita 95, ba ta da ginshiƙi ko ɗaya a cikin kwarin, tunda ginshiƙi ne ya kashe ta farko. A gefe aka harhaɗa ta, aka tura ta ƙetare, aka buɗe ranar 13 ga Oktoba 2017. A ƙarshen Maris 2024, da gefen titi ya faɗa teku a Rocky Creek, sai aka koma ayari: sau 2 a rana a jera motoci, jami'ai su ja gaba ta layin da ya tsira, injiniya na tsaye yana duban bakin ramin. Ranar ruwa babu ayari.

Duk waɗannan mutane suna da wurin haɗuwa, wata majalisar ba da shawara da ke zama sau 4 a shekara, ɗan majalisar tarayya na yankin da wakilin mazaɓar a ƙaramar hukuma ne ke jagoranta. Ba ta yanke hukunci. Amfaninta shi ne mai shago yana iya miƙewa ya tambayi injiniya ido da ido a gaban kowa, kuma bayan wata 3 za a sake tambayarsa.

Inda abin ke tangarɗa, kuɗi ne da bibiya. A 2012 majalisar Amurka ta daina ware wa hanyoyin kallo kuɗinsu na musamman, aka yi shekaru a haka. Kundin 2004 ya tanadi ƙungiyar da za ta bi aiwatar da shi, amma sai a 2019 ƙaramar hukuma ta kafa ta. A tsakanin nan baƙi sun ninka, hotunan gadar Bixby da ke kan wannan titi, da ake yaɗawa a intanet, suna jawo motoci su tsaya a kan kwalta, makewayi kuma kaɗan ne, don haka bayan kowane daji ka tarar da ƙazanta. Mafi muni shi ne masu kwana a bakin hanya suna hura wuta. Gobarar Soberanes ta Yuli 2016 daga wutar da wani ya hura ba bisa ƙa'ida ba ta tashi: ta ci fiye da eka 130,000 da gidaje 57, direban katafila ɗaya ya rasu, kashe ta ya ci sama da dala miliyan 200. A 2022 ƙaramar hukuma ta ɗaga tarar kwana a bakin titin zuwa dala 1,000. Sai dai kafa allon gargaɗin a bakin hanya yana buƙatar izinin Caltrans, rubuta tarar kuma aikin jami'an tsaro ne, waɗanda 'yan ƙalilan ne ke sintiri a wannan doguwar gaɓa da dare.