Wa ke riƙe da makarantun gwamnati na birnin Shikago?

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake haɗuwa.

Yau mun nufi Shikago, birni na uku mafi girma a Amurka, wanda ke jihar Illinois. Bari mu fara da ranar 22 ga Mayu, 2013. A ranar ne hukumar ilimi ta birnin ta zauna, ta kaɗa ƙuri'a, ta rufe makarantu kusan 50 a zama guda. Da aka dawo hutu, yara wajen 12,000 ba su da makarantar unguwarsu, kuma kusan tara cikin goma baƙaƙen fata ne na unguwannin kudu da yammacin birnin. Iyaye sun cika ɗakunan taro, sun roƙa, sun yi zanga-zanga. Amma cikin waɗanda suka yanke hukuncin babu ko mutum ɗaya da jama'a suka zaɓa. Dukansu magajin gari, Rahm Emanuel, ne ya naɗa su.

To yaya aka yi makarantu sama da 600, masu ɗalibai fiye da 300,000 da kasafin kuɗi wajen dala biliyan 10 a shekara, suka koma hannun mutum ɗaya?

Sai mun fahimci tsarin ƙasar tukuna. A Amurka gwamnatin tarayya ba ta gudanar da makarantun firamare da sakandare. Aikin jihohi ne, su kuma jihohin sun raba shi ga gundumomin ilimi, wajen 13,000 a faɗin ƙasar. Kowace gunduma tana da hukumarta. Ita ke zartar da kasafin kuɗi, ita ke ɗaukar babban jami'in da zai tafiyar da makarantu, ita ke sa hannu kan yarjejeniyar albashi da ƙungiyar malamai, ita ke buɗe makaranta ko ta rufe ta. A mafi yawan wurare mutanen gari ne ke zaɓen 'yan hukumar. Shikago ta fita daban: tun ƙarni na 19 har zuwa 2024 magajin gari ne ke naɗa su duka.

Kuɗin kuwa, kaso mafi girma daga harajin gidaje da filaye na mazauna birnin yake fitowa, sai abin da jiha ke bayarwa, sai na tarayya. Wato mai gida a Shikago shi ke biya, amma shekara da shekaru ba shi da ƙuri'a kan masu kashe kuɗin.

Ƙorafin ya daɗe. A 1963 azuzuwan unguwannin baƙaƙen fata sun cika maƙil, har ana raba yara, wasu safe wasu rana, alhali makarantun unguwannin fararen fata suna da kujeru babu kowa. Shugaban makarantun birnin na lokacin, Benjamin Willis, ya ƙi a kai yaran can. Sai ya sa aka jera ɗakunan ƙarfe na tafi-da-gidanka a filayen wasan makarantun baƙaƙen fata, har mutane suka laƙaba musu sunansa. Ranar 22 ga Oktoba na wannan shekara ɗalibai sama da 200,000 suka ƙaurace wa aji.

A 1987 tura ta kai bango. Malamai suka yi yajin aiki na kwanakin makaranta 19, kuma sakataren ilimi na Amurka, William Bennett, ya zo birnin ya ce makarantunsa su ne mafi muni a ƙasar. Harold Washington, baƙar fata na farko da ya zama magajin garin, ya tara iyaye da 'yan kasuwa da malamai don a nemi mafita, amma ya rasu a watan Nuwamban shekarar. Abin da aka fara bai mutu da shi ba. A 1988 majalisar dokokin jiha ta yi wata doka wadda, a ganina, ita ce abu mafi ƙarfin hali a duk wannan labari.

Dokar ta kafa ƙaramar majalisa a kowace makaranta: iyaye shida, mutanen unguwa biyu, malamai biyu, da shugaban makaranta. A sakandare akwai wakilin ɗalibai, daga baya kuma aka ƙara kujera ga ma'aikatan da ba malamai ba. Ku lura da lissafin, iyaye su suka fi kowa yawa. Mai kallo a Kano ko Sakkwato zai iya tuna kwamitin SBMC, wato kwamitin iyaye da mutanen gari da ke kula da makarantun firamare, amma ikon waɗannan ya wuce nan nesa. Su ke zaɓen shugaban makaranta, su ba shi kwantiragin shekara huɗu, idan wa'adin ya cika su sabunta ko su sallame shi. Su ke amincewa da yadda za a kashe kuɗin makarantar. Ka ɗauki uwa da ta taso daga aikin dare, ta zauna a ɗakin karatu na makaranta da takardun kasafi a gabanta, tana tambayar shugaba dalilin da za a sayi sababbin kwamfutoci alhali babu mai koya wa yara masu buƙata ta musamman. Tambayarta tana da nauyi, domin ƙuri'arta tana cikin waɗanda za su yanke ko zai ci gaba da zama a kujerarsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma dokar nan ta yarda da haka. Har baƙon da bai samu takardar zama ɗan ƙasa ba yana da ƙuri'a a wannan zaɓe, abin da ke da muhimmanci a gundumar da kusan rabin ɗalibanta 'yan asalin Latin Amurka ne.

Majalisun suna nan har yau, ko da yake wasu kujerun kan rasa masu nema. Sai dai shekara bakwai kacal bayan kafa su, kiɗa ya canza. Bashi ya yi wa gundumar katutu, sakamakon jarrabawa bai tashi yadda aka so ba. A 1995 majalisar jiha ta damƙa wa magajin gari Richard M. Daley wuƙa da nama: shi zai naɗa 'yan hukuma ba tare da neman yardar majalisar birni ba, shi zai zaɓi mai tafiyar da makarantu. Har sunan muƙamin aka sauya, ya koma irin na shugaban kamfani. Wanda ya fara riƙe shi, Paul Vallas, daraktan kasafin kuɗin birni ne, bai fito daga cikin shugabannin makarantu ba. Bayansa Arne Duncan ya karɓa a 2001, wanda Shugaba Obama ya ɗauka ya zama sakataren ilimi na ƙasa a 2009.

Hujjar masu wannan tsari ita ce a san wanda za a kama. Idan makarantu suka lalace, ga magajin gari nan, a kayar da shi a zaɓe. Kuma gaskiya ɗaya ce, an ga ci gaba. Yawan masu kammala sakandare ya tashi daga wajen rabi zuwa sama da kashi 80 cikin 100. Wani bincike na jami'ar Stanford a 2017 ya nuna yaran Shikago, tsakanin aji uku da aji takwas, suna samun karatun shekara shida a cikin biyar. Wanda ya ɓoye wannan bai yi adalci ba.

Amma magajin gari ana zaɓensa ne kan abubuwa da yawa: 'yan sanda, haraji, tituna, shara. Uwar da aka rufe makarantar ɗanta murya ɗaya ce cikin miliyoyi. Nan muka dawo 2013. Hukuma ta ce ɗalibai sun ragu, azuzuwa babu kowa, ga giɓin dala biliyan ɗaya. Raguwar gaskiya ce, domin a farkon shekarun 2000 ɗaliban sun haura 430,000. Amma ku dubi abin da ya biyo baya. Yara ƙanana sun koma tafiya mai nisa, suna ratsa unguwannin da 'yan daba suka shata wa iyaka, har sai da birnin ya ƙara yawan mutanen da ke tsayawa a kan tituna safe da yamma, sanye da riguna masu ƙyalli, suna gadin hanyar makaranta. Abin yana min ciwo: yaro ɗan shekara bakwai yana buƙatar mai gadi kafin ya isa aji, saboda shawarar da iyayensa ba su da hanyar sauyawa.

A 2015 mutane goma sha biyu, cikinsu har da kakanni mata, suka shiga yajin cin abinci don a sake buɗe sakandaren Dyett da ke kudancin birnin. Kwana 34 suka yi. An sake buɗe ta a 2016. A wannan shekara ta 2015 kuma Barbara Byrd-Bennett, tsohuwar shugabar makarantun birnin wadda ta jagoranci rufe makarantun, ta amsa laifin zamba kan kwangilar wajen dala miliyan 20 da aka ba wani kamfani da ta taɓa yi wa aiki, ba tare da gasa ba. Hukumar da magajin gari ya naɗa ita ta amince da kwangilar. A 2017 aka yanke mata ɗaurin shekara huɗu da rabi.

Ƙungiyar malamai, wadda ta yi yajin aiki a 2012 ƙarƙashin Karen Lewis ta kuma maimaita a 2019, ta haɗa kai da ƙungiyoyin iyaye suka matsa wa majalisar jiha. A 2021 gwamna J.B. Pritzker ya sa hannu kan dokar da ta faɗaɗa hukumar daga mutum bakwai zuwa 21, ta kuma tsara miƙa ta ga masu zaɓe a mataki biyu.

Sauyin bai zo cikin lumana ba. Magajin gari Brandon Johnson, tsohon malami kuma tsohon jami'in ƙungiyar malamai, ya so gundumar ta ci bashin dala miliyan 300 don biyan kuɗin fansho da ƙarin albashi. Shugaban makarantun, Pedro Martinez, ya ƙi. A Oktoban 2024, saura wata guda zaɓe, duka 'yan hukumar bakwai suka ajiye aiki. Johnson ya naɗa wasu, su kuma a Disamba suka kaɗa ƙuri'ar sallamar Martinez.

A tsakiyar wannan rikici aka yi zaɓen farko a tarihin hukumar, a Nuwamban 2024. Kujeru goma aka zaɓa, magajin gari ya naɗa sha ɗaya har da shugaba. Cikin waɗanda suka ci akwai Jitu Brown, ɗaya daga cikin masu yajin cin abincin Dyett. Mutumin da ya yi kwana 34 da yunwa don a saurare shi, sai ga shi ya samu kujera a teburin.

Ni ina goyon bayan zaɓen, amma akwai abubuwan da ke damuna. Kujerar ba ta da albashi, don haka mai aikin yini zai sha wuya kafin ya riƙe ta. Miliyoyin daloli sun shiga yaƙin neman zaɓen, daga ƙungiyar malamai da kuma masu goyon bayan makarantun da ƙungiyoyi masu zaman kansu ke gudanarwa da kuɗin gwamnati. Iyayen da ba 'yan ƙasa ba, waɗanda ke zaɓe a majalisar makarantarsu, ba su da ƙuri'a a wannan. Bashi da nauyin fansho kuma suna nan suna jiran duk wanda ya hau. Dokar 2021 ta tsara cewa a Nuwamban 2026 za a zaɓi duka kujeru 21, ashirin daga mazaɓu, shugaba kuma daga birnin baki ɗaya, su kama aiki a Janairun 2027, sannan hannun magajin gari ya fita daga naɗin gaba ɗaya.