Kiran waya ta waifai a inda sabis ya yi rauni

An rubuto wannan ne daga faifan laccar da wani ma'aikacin sadarwa ya gabatar a ɗakin taron wani ƙauye, bayan sallar la'asar.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe mai gari, iyayenmu malamai, iyaye mata da ke can baya, 'yan'uwa matasa, barkanku da yamma.

Da zan shigo nan na hangi mutum uku a kan tudun bayan makaranta, kowa ya ɗaga waya sama yana juyi da ita. Ban tambaye su ba, na san abin da suke nema. Mu ma a garinmu akwai wani suri a bakin hanyar kasuwa, nan ake hawa a kira 'yan'uwa na birni. Mahaifiyata ta yi shekaru ba ta amsa kirana a ɗakinta. Sai dai in kira ƙanena, ya ce in ba shi minti goma, ya riƙo hannunta ya kai ta ƙofar gida. Da ciwon ƙafa ya kwantar da ita, sati biyu cur ban ji muryarta ba. Abin da ya sa maganar nan ta tsaya mini a rai ke nan. Tun 2001 aka fara wayar salula a Najeriya, amma har yau akwai tsohuwar da sai an tallabo ta kafin ta gaisa da ɗanta.

To mene ne kira ta waifai? A kira na yau da kullum, wayarka tana magana kai tsaye da ƙarfen sabis. Idan ƙarfen ya yi nisa, ko katanga ta shiga tsakani, murya ta riƙa yankewa. A kira ta waifai kuwa, wayar tana ɗaukar muryarka ta bi da ita ta intanet, ta wata rufaffiyar hanya, har cikin na'urorin kamfanin layinka, daga can a miƙa ta ga wanda ka kira. Lambarka ce za ta fito masa, kuma ko ƙaramar waya mai tocila yake riƙe da ita zai amsa. Nan ya bambanta da kiran WhatsApp, wanda sai ɗaya ɓangaren ma yana da data. Sharuɗɗa biyu ne: wayarka ta iya, kamfanin layinka kuma ya buɗe maka. Ku duba saitin kira ko na sim, za ku ga an rubuta "Wi-Fi Calling". Idan babu, ku kira 300, lambar kula da abokan hulɗa ce ta duk layukan Najeriya, ku tambaya. Wanda layinsa bai da shi kada ya tashi ya tafi, don yawancin abin da zan faɗa yana gyara kiran WhatsApp ma.

Ina so ku riƙe wannan da kyau: waifai ba ya haifar da sabis. Bututu ne, ba rijiya ba. Na sha ganin mutum ya sayi mifi ko rauta, wato na'urar da ake sa wa sim ta ba da waifai, ya ajiye ta a kan gado kusa da wayar, a ɗakin da dama can babu sabis, sannan ya ce an cuce shi. Ba a cuce shi ba. Rautar ma daga ƙarfen nan take sha. Amfanin waifai shi ne ya ba ka damar raba kunne da baki: ka kai na'urar inda sabis yake, kai kuma ka zauna inda kake so.

Saboda haka aikin farko neman wurin ne, kuma ba da sandunan nan na saman waya ake nemansa ba, don kowane kamfanin waya da yadda yake zana nasa. Akwai lamba ta gaskiya. A wayar Android, ku shiga bayanin waya, ku buɗe matsayin sim, za ku ga lamba mai alamar ragi a gaba da dBm a baya. A 4G, -80 sabis ne mai kyau sosai, -100 ana maneji, daga -110 zuwa -120 kuwa ana bakin gaɓa. Lissafin yana da ban mamaki: duk ratar 10 tana nufin ƙarfi ya ninka sau 10. A ɗakin mahaifiyata na auna na sami -113. Na sa tsani na hau kan soron zaure, na fuskanci gabas inda ƙarfen yake, na sami -93. Ratar 20 ke nan, wato ƙarfi sau 100, a gida ɗaya, tsakanin wurare biyu da ba su fi taku goma sha biyar ba.

Me ya cinye sabis ɗin a ɗaki? Rufin kwano ne da kaurin ginin ƙasa. Ƙarfe yana mayar da igiyar rediyo baya, katanga mai kauri tana shanye ta, ganyen bishiya mai ruwa ma yana rage ta. Shi ya sa wasunku ke cewa da damina abin ya fi lalacewa. Ba ƙarya kuke yi ba.

Idan an gano wurin, nan za a kafa rauta, ko a kafa eriya ta waje a kan dogon ƙarfe ko gora a juya ta ta kalli ƙarfen sabis. A nan masu haɗawa suke yawan kuskure. Su sa eriya a sama, su jawo doguwar wayar eriya mita ashirin zuwa falo, ƙarfin da aka samo a sama ya tsiyaye a hanya. Wayar eriya a gajarce ta iya yiwuwa. In nisa ake so, a bar rautar can kusa da eriya, a jawo wayar intanet irin ta kwamfuta, ita tana kai mita 100 ba tare da matsala ba, a sa wata ƙaramar na'urar waifai a tsakar gida. Wanda ba shi da kuɗin wannan, tsohuwar waya mai 4G ta isa: a sa mata data, a kunna hotspot, wato saitin da ke sa waya ta ba da waifai, a rataye ta a taga ko ƙarƙashin indararo ta ɓangaren da sabis yake. A yi mata inuwa dai. Ranar Afrilu tana kumbura batir, kuma na'urar da ta yi zafi rage aiki take yi.

Ga wata dabara da nake so ƙwarai. Sim ɗin da ke cikin rauta ba dole ya zama na kamfanin layinka ba. Idan lambar da kowa ya san ka da ita ta kamfanin da ba ya kamawa a garinku ce, ka sa wa rautar sim na wanda ya fi ƙarfi. Kiranka zai bi ta intanet ɗin wancan ya isa kamfanin layinka. Ba ka canza lamba ba, ba ka rasa abokan ciniki ba.

Yanzu maganar inganci. Mutane suna zaton sai intanet mai gudu sosai. A'a. Kira yana cin kimanin megabait ɗaya ne a minti, sau da yawa ma ƙasa da haka. Abin da murya ke so shi ne natsuwa. Waya tana yanka muryarka gutsure-gutsure, 50 a kowane sakan, kuma dole su isa a jere a kan lokaci. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin murya daga baki zuwa kunne ya wuce kashi 150 cikin 1000 na sakan. In ya wuce sosai, sai ku riƙa yin karo, kai ka ce "salamu alaikum" shi ma ya ce, kowa ya yi shiru, ku sake farawa tare. Shi ya sa tsofaffin taurarin ɗan'adam da ke nisan kilomita 35,786 ba su da daɗin kira, hawa da sauka kaɗai na cin kusan rubu'in sakan. Na Starlink, da ya fara aiki a Najeriya a 2023, suna shawagi ne a wajen kilomita 550, jinkirinsu kaɗan ne. Tsada ce matsalarsa, sai dai unguwa ko asibiti ko makaranta su haɗa hannu.

Babban mai ɓata kira a gida kuwa, ba daga waje yake ba. Yaro ne a zaure yana ɗora bidiyo a TikTok, ko wata waya tana tura hotuna ma'ajiyar intanet ba tare da mai ita ya sani ba. Hanyar fitar data daga gida ƙunci gare ta, kamar ƙofar gari ranar kasuwa. In manyan kaya suka cika ta, muryarka sai ta bi layi. Alamarsa ita ce kai kana jin mutum tangaran, shi yana cewa ba ya jin ka. Rautoci da yawa suna da saitin fifita murya, a kunna shi. In babu, a canza kalmar sirri, a rage masu hawa, a yi doka a gida: in Baba yana waya, a dakata da ɗora bidiyo.

Sai waifai ɗin kansa. Iri biyu ne, 2.4 da 5. Na 5 ya fi gudu amma ba ya jure katanga, na 2.4 ya fi nisa. A gidan ƙasa mai ɗakuna da yawa, ku zaɓi 2.4. Kada a ajiye rauta a ƙasa, ko bayan firji, ko cikin akwatin ƙarfe don tsoron ɓarayi. In kuna da VPN a waya, wato manhajar da ke karkatar da intanet ta wata ɓoyayyiyar hanya, ku kashe shi lokacin kira, haka ma saitin tattalin batir.

Na'am, Hajiya, ina jin ki. Ta ce nata kiran yana farawa lafiya, sai a tsakiya ya yanke. Hajiya, wayarki ce take raba hankali. Tana kan waifai, sai ta ɗan sansano sabis mai sanda ɗaya ta taga, ta yi tsalle ta koma can, kiran ya faɗi. A saitin akwai inda za a ce mata ta fifita waifai, jikanki zai nuna miki. In ta ƙi ji, ki danna alamar jirgin sama, sannan ki kunna waifai shi kaɗai. Amma ki tuna ki kashe alamar jirgin in za ki fita unguwa, in ba haka ba babu mai samun ki a hanya. Ki kuma gwada ki ga ko saƙon banki yana shigowa a haka.

Malam a nan gaba ya tambayi na'urar ƙara sabis da ake tallatawa a kasuwa. Allah ya gafarta Malam, ban ba ka shawarar saye ba. Hukumar NCC mai kula da sadarwa a Najeriya ta gargaɗi jama'a a kan amfani da su ba da izini ba, kuma da dalili: marar inganci tana ƙara maka kaɗan, ta jefa hayaniya cikin ƙarfen da duk gari ke sha, maƙwabcinka ya rasa nasa.

Wuta kuma, kada a manta da ita. In an ɗauke, waifai ya mutu, kira ya tafi da shi. Yawancin rautoci da bolt 12 suke aiki kuma ba su da ci, ƙaramin faifan sola da batir ɗaya suna riƙe su dare da rana. Haka na yi wa mahaifiyata, yanzu tana kwance a gadonta take kirana bayan sallar asuba. Duk da haka na ce wa ƙanena, in larura ta gaggawa ta taso kuma za a kira 112, a faɗi sunan gari da unguwa da baki, don kira ta waifai ba lallai ya nuna inda mutum yake ba.

Ranka ya daɗe, saura naku ɓangaren. Duk wannan dabarar zama ce kafin a kawo muku ƙarfen sabis, kuma haƙƙinku ne ku nema. Dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusun USPF musamman don kai sadarwa wuraren da kamfanoni ba sa ganin riba. Ku fara kai kuka ga kamfanin, ku karɓi lambar ƙorafi ku rubuta ta. In ba su yi komai ba, ku kira NCC a 622, kyauta ne. Matasan da ke da waya, gobe ku zagaya ku auna lambar nan a masallaci da kasuwa da asibiti da makaranta, ku rubuta a takarda da rana da lokaci, a haɗa da wasiƙar mai gari. Masu son in duba musu saitin waya su same ni a bakin ƙofa bayan magariba. Wassalamu alaikum.