Alat ya ce kiredit, malam ya ce debit: wa ya yi ƙarya?

Tun da aka koma makaranta, ƙorafi ɗaya ke ta shigo mana daga 'yan SS1 masu darasin lissafin kuɗi. Kuɗi sun shigo asusun baba, waya ta ce kiredit. Yaro ya rubuta haka a gwaji, malam ya zabga masa jan biro.

Ba wanda ya yi ƙarya. Ku dubi allo.

Wannan zanen mai kama da harafin T shi ne asusu. Hagu debit, dama kiredit. Iyakar ma'anarsu ke nan. Duk wanda ya sa a ransa cewa debit asara ce, kiredit kuma samu ne, to tun daga nan ya ɓata hanya. Kowane ciniki sau biyu ake rubuta shi, ɗaya a hagu, ɗaya a dama. Ba sabon abu ba ne: Luca Pacioli, wani masanin lissafi ɗan Italiya, ya buga bayaninsa a birnin Venis tun 1494, shi ma a wurin 'yan kasuwa ya gani. Ƙa'idar da malam ya ba ku kuwa: mai karɓa debit, mai bayarwa kiredit.

Mu shiga Kantin Kwari. Ga Alhaji ya sayar da atamfa ta naira 30,000, mai saye ya yi tiransifa. Waya ta yi ƙara. Kiredit.

Ku tsaya nan, kada ku yi gaba.

Wa ya turo saƙon? Banki. Daga littafin wa ya karanto? Nasa, ba na Alhaji ba. A wurin banki, kuɗin nan ajiya ce, ko gobe da asuba Alhaji ya ce a ba shi abinsa dole a ba shi. Wato bashi ne a wuyan banki. Alhaji ne mai bayarwa, sai banki ya rubuta shi a dama.

Yanzu mu buɗe littafin Alhaji. Wa ya karɓi kuɗin? Banki. Asusun banki, hagu: debit 30,000. Asusun ciniki, dama: kiredit 30,000. Kuɗi ɗaya ne, littafi biyu, kamar mutum biyu suna fuskantar juna, hagun wannan damar wancan.

Kai kuwa a zauren WAEC ko NECO, akawun Alhaji ne. Ba banki ya ɗauke ka aiki ba tukuna. Idan Allah ya kai ka can, ka juya.

A ganina, da malamai za su shigo aji da alat ɗin gaske a darasin farko, da rabin wannan ruɗani bai taso ba. Amma haddar ƙa'ida ake fara ba yara, kamar karatun aku.

Sauran a gurguje: daga jona (littafin da ake fara rubuta ciniki) zuwa leja (littafin da ya tattara asusu duka), daga leja zuwa tirayal balans, inda jimillar hagu dole ta yi daidai da ta dama. Idan kun iso daidaita littafin kuɗi da takardar banki, wannan juyin ne dai zai sake tare ku.

Ga gwaji. Ƙarshen wata banki ya yanki kuɗin alat, saƙo ya ce debit. A littafin Alhaji, asusun banki, hagu ko dama? Ku tsayar da bidiyon, ku ɗauko biro.

Dama ne.