Igiyar da Aka Karkata: Lacca Kan Tsara Darasin Motsa Jiki

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To, madalla. Abubuwa uku zan taɓo game da yadda malamin motsa jiki ke tsara darussansa na zango.

Na farko, ka faro daga ƙarshe. Kafin ka rubuta darasin makon farko, tambayi kanka: in makonni shida suka cika, me nake so yaron nan ya iya? In ka ce "ƙwallon raga", ba ka ce komai ba. Cewa za ka yi: ya tari ƙwallo ya ɗaga wa abokinsa, su yi wasa uku-uku. Sai ka dawo da baya kana rarraba aikin mako-mako. Wannan kun san shi, mu wuce.

Na biyu, salon koyarwa. Nan zan daɗe, ku yi haƙuri. Akwai wani malami a Amurka, Muska Mosston, wanda a 1966 ya jera salon koyarwa bisa tambaya guda: wa ke yanke shawara a darasi, malami ko ɗalibi? Daga baya shi da abokiyar aikinsa Sara Ashworth suka kai su salo 11. A wannan gefen jerin, malami ne da usur, ya busa a tashi, ya busa a tsaya. A wancan gefen ɗalibi ne ke koyar da kansa. Ba su kushe na usur ba fa. Ranar jifan mashi, don Allah ka riƙe usur ɗinka, kada ka ce yara su gano da kansu! (dariya)

Amma ni igiyarsa ce ta fi burge ni. Yara biyu su riƙe igiya a miƙe, sauran su tsallake. Ka ɗaga ta kaɗan, wasu su kasa, su koma gefe. Ka ƙara ɗagawa, wasu su bi su. Ƙarshe wa ya rage? Wanda dama ya iya tsalle. Wanda ya fi kowa buƙatar atisaye kuwa, shi ya fara zama, ya yi tagumi yana kallo. Shi ya fara zama! Kun gani? Sai Mosston ya ce a karkata igiyar, gefe ɗaya ƙasa, gefe ɗaya sama. Kowa ya zaɓi inda zai tsallake. Ba wanda zai fita. Yarinyar da ta fara daga ƙasa, in ta tsallake sau biyu, da kanta za ta matsa sama, ba sai ka ce mata ba. Malam na gaba yana girgiza kai, wato ragwaye za su maƙale a ƙasa ko? Wasu za su yi, amma ai suna tsalle, ba a zaune suke ba. Haka za ka yi a ƙwallon kwando: ja layin jifa uku, kusa, tsakiya, nesa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar motsa jiki na minti 60 a rana. Wanda ka zaunar tun minti na uku, ina zai samo su?

Na nawa muke? To, na gaba. A 1982 David Bunker da Rod Thorpe na Jami'ar Loughborough a Ingila suka ce a fara da ƙaramin wasa, a tsayar a yi tambaya, "Ina babu kowa? Wa za ka ba?", sannan a koyar da dabarar da yara suka ga suna buƙata.

Na'am, Malama?

(Tambaya: In yara sun yi yawa, ƙwallo biyu kacal, ya za a yi?)

Malama, abin da ke cinye darasinki layi ne. Raba su ƙungiya-ƙungiya, kowace da wurinta: biyu da ƙwallo, ɗaya tsallen igiya, ɗaya gudun kewaye, bayan minti biyar ki busa su sauya. Kuma ki ari tsarin wani malamin Amurka, Daryl Siedentop: ƙungiyar ba ta canzawa har zango ya ƙare, a ciki akwai kyaftin, alƙalin wasa, mai rubuta maki. Sai dai ki riƙa juya muƙaman, in ba haka ba yarinyar da ke gudun zufa za ta riƙe biro har ranar hutu. Akwai wata tambayar? Malam na can ƙarshe, bismillah.