Maki Biyu a Kuching: Wa Ke Ɗaukar Nauyin Kurket Ɗin Mata?

Jama'a, assalamu alaikum.

Ranar 20 ga Janairun 2025, a garin Kuching na ƙasar Malesiya, 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka kara da Niyu Zilan a gasar kofin duniya ta kurket. Ruwan sama ya sa aka taƙaita wasan. Namu suka tara maki 65, Niyu Zilan ta cije a 63. Tazarar maki biyu kacal, kuma a kan ƙasar da manyan matanta suka ɗauki kofin duniya wata uku kafin nan a Dubai. Daga baya yaran suka doke Ailan ma.

Ku faɗi gaskiya, mutum nawa ne a majalisarku suka ji wannan labari? Da Super Eagles ce ta ci wasan sada zumunta, da har masu shayin Kawo sun kwana suna musu.

To, bari mu bi sawun kuɗin, don a nan gizo ke saƙar.

Hukumar kurket ta duniya, ICC, tana da cikakkun mambobi 12. A Afirka biyu ne kawai, Afirka ta Kudu da Zimbabuwe. Sauran ƙasashe sama da 90, har da Najeriya, ƙananan mambobi ne, ko mu ce 'yan rakiya. A tsarin rabon 2024 zuwa 2027, ana sa ran raba kusan dala miliyan 600 duk shekara. Indiya ita kaɗai na ɗaukar kashi 38 da rabi cikin ɗari. Hujjarta ita ce kuɗin daga masu kallon talabijin na ƙasarta yake fitowa, kuma ba ƙarya ta yi ba. Su kuwa ƙasashe sama da 90 ɗin nan, kusan kashi 11 suke rabawa a tsakaninsu. Ku buga lissafi: in an raba daidai, kowace ba ta kai dala miliyan ɗaya ba. A ciki za a kula da maza, da mata, da yara, a gyara fili, a sayi tikitin jirgi. Idan abin ya gaza, kun san wa ake ce wa ta yi haƙuri.

Ba a ce ba a yi komai ba. Tun Yulin 2018 duk wasan gajeren zango, wato wanda ake gamawa cikin 'yan sa'o'i, da matan ƙasashe biyu suka buga ana lissafa shi a matsayin cikakken wasan ƙasa da ƙasa. A 2023 aka daidaita ladan gasar maza da ta mata. Kofin duniya na mata na 2025, wanda Indiya ta lashe, an ware masa dala miliyan 13.88. Amma ƙasashe takwas ne suka buga, dukansu daga cikin manyan nan 12. Wanda bai samu shiga gidan biki ba, ina ruwansa da girman tukunya?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na Tailan. Matan ƙasar sun je kofin duniya a Ostireliya a 2020 da gumin goshinsu. A ƙarshen 2021, a wasannin share fagen kofin duniya na wasan yini guda a Zimbabuwe, suka doke mai masaukin baƙi, suka doke Bangaladesh, suna saman rukuninsu. Sai sabon nau'in korona ya ɓulla, aka soke gasar. Aka ce a koma ga jadawalin matsayi na wasan yini guda, jadawalin da Tailan ba ta ma cikinsa, don ba a ba ta matsayin buga irin wannan wasa a hukumance ba. Bangaladesh ta tafi kofin duniya, Tailan ta koma gida. Sai a 2022 aka ba ta matsayin, bayan aikin gama ya gama.

Mu dawo gida Kaduna. A ɗauka yarinya ce 'yar aji huɗu na sakandare daga Rigasa, tana son zuwa filin kurket na Dandalin Murtala. Kafin ta taɓa ƙwallo, akwai kuɗin Keke zuwa da dawowa. A filin, ga hular kwano da ake karɓa-karɓa, ta cire da zufarta ta miƙa wa ta baya. Ga kariyar ƙwauri mai tsinkakken maɗauri. Sandar bugu da ƙwallon fata kusan duk daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala. Sutura dai ba matsala ba ce, wasan dogon wando ne da riga mai hannu, kuma Abtaha Maqsood ta Sikotlan da lulluɓinta take jefa ƙwallo a gasar duniya.

Abin da ke tsayar da yarinyar nan tambayar gida ce. Mahaifinta zai ce, “To 'yar nan, na ji. In kin girma, me wasan zai ba ki?”

Wasu ƙananan ƙasashe sun nemi amsa da ɗan abin hannunsu. Ruwanda ta ƙirƙiri gasar Kwibuka tun 2014, matan ƙasashen Afirka na haɗuwa a Kigali su samu wasannin da manya ba sa gayyatarsu, Najeriya ma tana zuwa. Irin wannan gogayya ce ke kai mutum ga lambar tagullar da matanmu suka ciyo a wasannin Afirka a Akara, a Maris ɗin 2024. Ita kuwa Burazil, ƙasar tamaula, a 2020 ta sa matanta na kurket a kwantiragin albashi, tun kafin ta yi wa maza. Idan uban yarinya a can ya yi wannan tambaya, takardar albashi za ta ɗauko ta nuna masa.